Jan Turke a Gonar Meram

"Kai ne, Bilya! Kai ka kawo su, kai ka nuna musu gonata da yatsa, kai ka buga turken da hannunka. Kada ka sunkuyar mini da kai kamar mutumin kirki, ɗago ka dube ni!"

Meram ke nan, tsaye a bakin rumfar masu goro a kasuwar Gashuwa, ƙafafunta butu-butu da rairayin hanya. Wanda take yi wa ihun, Malam Bilya ne malamin gona, ɗan gidan masu kanti da kakanninsa suka zo daga Haɗeja. Ya yi makaranta, yana da keke, yana da wandon kaki mai kari. Ɓarin goro na hannunsa bai kai baki ba.

"Iya, yi a hankali mana, mutane na ji."

"Su nake so su ji. Da ka zo gonata da Bature, a ɓoye ka zo?"

Ga yadda abin ya faro. Kakar shekarar nan ce da gari ya cika da zancen zaɓe da mulkin kai. Masu sauraren rediyo suka zo da labarin wai Faransawa za su tayar da wani mugun bam can cikin hamada, wai kuma abin da zai fito daga cikinsa iskar arewa na iya ɗauko shi ta zuba a gonaki, ba a ganinsa, ba a jin warinsa, sai dai ya shiga hatsi ya shiga ƙashin mutum. Meram ba ta da rediyo, kuma ba ta taɓa haɗa hanya da Bafaranshe ba. Abin da ta sani shi ne damina ta yi mata kirki. Mijinta ya daɗe a ƙasa, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, gidan daga ita sai wanta Baba Kyari, tsohon masunci da idonsa ya tafi. Ita ta yi shuka, ita ta yi firi, ita ta yi maimai, ta girbe, ta ɗaure dammunan geronta ta jera su bisa itace a gona suna shan rana kafin a kai rumbu. Abincin mutum biyu ke nan har wata kaka, da irin baɗi a ciki.

Sai ga mota mai tanti ta tsaya a gefen gonar, don gonar a bakin hanyar Dagona take. Wani dogon Bature mai jan wuya ya sauko, da tafintansa, da Bilya a gaba yana nuna hanya. Ko sallama! Suka murɗa wani ƙarfe a ƙasa suka zaro ƙasar, suka ɗura a 'yan jakunkunan akoko. Suka zari zangarniya daga damin da ya fi kyau. Sannan Baturen ya rataya wani akwati a kafaɗa, da wani abu kamar muciya maƙale da igiya, ya riƙa bin kunya-kunya yana kara shi a ƙasa. Akwatin kuwa ya kama kuka, ƙas, ƙas-ƙas, ƙas, kamar ana suyar fara.

Kafin ka ce me, rabin ƙauyen ya taru. Wani ya tambayi Bilya me ake nema. Da ya ce awon ƙasa ne ya rufe bakinsa, da ba a kai ga haka ba. Amma ina, yaro ya ga taro, ya gyara hula ya ce, "Dafin bam ake nema. Wannan kukan da kuke ji, shi akwatin ke saurare." Ya ɗauko turke daga mota, an shafe kansa da jan fenti, ya buga a tsakiyar gonar, ya ce na gwamnati ne, duk wanda ya tuge shi ya kuka da kansa, za a dawo. Suka shiga mota suka yi gaba.

To, a wannan ƙauyen ja ba abin wasa ba ne. Shekarar da agana ta shigo, duba-gari sun zo sun ɗaura jan ƙyalle a bukkokin masu ciwo, suka ce za su dawo, suka kuwa dawo da kananzir. Wutar ba ta tsaya inda aka ce ta tsaya ba, ta lashe unguwa guda har da rumbuna. Bulama Ajimi, mai garin na yanzu, yana saurayi lokacin, gidan ubansa na cikin waɗanda suka tafi. Tun daga ranar kowa ya haddace karatun: inda gwamnati ta sa ja ta ce za ta dawo, wuta ce za ta biyo baya.

Fanne maƙwabciyar Meram, wadda suka shekara ashirin suna lugude a turmi ɗaya, ta aiko a karɓo mata taɓaryarta. Damin da Meram ta fitar na zakka ta kai ƙofar liman, da safe ta tarar an dawo da shi an jingine a danga, an ma sa kara an turo shi ne don kada hannu ya taɓa. A rijiya mata suka riƙa janye gugansu. Daga nan Bulama ya zo da kansa, ya tsaya daga waje, ya ce, "Ya Meram, ki yi haƙuri. Gara mu ƙone naki da hannunmu a hankali, da su zo su ƙone na kowa. Gonata na jikin taki, ta Fanne na jikin taki."

"Ajimi, ni na goya ka ranar da uwarka ta tafi kamun kifi. Yau ni kake wa zancen wuta?"

Bulama ya ce ya ba ta zuwa Juma'a, ta kawo wanda zai wanke geron a gaban jama'a. In ba haka ba, ba yadda zai yi.

Abin da ya kawo ta kasuwar Gashuwa ke nan.

"Ni aike na aka yi, Iya," in ji Bilya. "Ban ce geronki na da komai ba."

"Ba ka ce yana da shi ba, ba ka ce babu ba. Ka jefa magana ka hau mota. Ina mai jan wuyan?"

"Yana Nguru, yana jiran jirgin ƙasa. Ni ma yanzu zan bi shi da ragowar jakunkunan."

"Madalla. Tare za mu."

"Haba Iya, tafiyar ba ta tsofaffi ba ce."

"Noman gonar na yara ne? Tashi!"

Masu goro suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Malam, ka yi sabuwar amarya, a kai ta ta ga jirgi." Meram ta juya ta ce masa in ya ƙara za ta aure shi shi ma ya ɗanɗana. Haka ta hau bayan babbar mota, bisa buhunan bandar kifi, Bilya kuma ya shige gaba kusa da direba. Motar ta kafe a rairayi ba sau ɗaya ba, maza na sauka suna turi, ita ko motsi ba ta yi ba, tana riƙe da ƙullin gumbar da ta daka da sabon geronta don guzuri.

Ba ta taɓa zuwa Nguru ba. Ba ta kuma tsaya kallo ba, duk da buhunan gyaɗa da aka tula sun fi itacen kuka tsawo, ga ƙaro, ga fatu suna wari, ga kan jirgi yana huci kamar sa. Ta bi bayan Bilya har wata rumfar kwano a tasha. Baturen na ciki durƙushe yana ɗaure bakin jakunkuna, tafintan nan, Saleh sunansa, yana miƙa masa igiya. Jakunkunan sun yi tsibi guda.

"Duk wannan daga gonata?"

Saleh ya yi dariya. "A'a, Kaka. Ga na Jakusko, ga na Karasuwa, ga na bakin kogi. Naki guda uku ne."

"To faɗa masa uwar guda ukun ta zo."

Ta zayyana komai, tun daga taɓarya har zancen Juma'a, ba ta rage ba, Saleh na juyawa. Wuyan Baturen ya ƙara ja. Ya dubi Bilya ya yi masa wata tambaya gajeriya, Bilya ya kama shafa ƙeya. Sannan ya juyo ya yi magana mai tsawo, yana yi yana buɗe hannuwa.

"Ya ce bam ɗin ma ba a tayar da shi ba tukuna," in ji Saleh.

"Me?"

"Ba a tayar ba. Ya ce yanzu suna auna ƙasa da hatsi ne tun suna lafiya, don in an tayar su dawo su sake aunawa, su ga ko wani abu ya sauka. In ba su san yadda take da ba, ba za su gane ta canza ba. Turken kuma don ya gane wurin da ya haƙa ne in ya dawo."

"Me ya sa gonata?"

"Ya ce tana bakin hanya, kuma ta fi ko wacce gyara."

Meram ta riƙe haɓa. Ashe gyaran da ta yi ne ya ja mata. Da ta bar ciyawa ta cinye gonar kamar ta wasu, da yanzu tana gida tana sussuka.

"Kukan akwatin fa? Kowa ya ji shi da kunnensa."

Baturen ya ɗauko akwatin ya murɗa. Ya kara muciyar a daɓen rumfar: ƙas, ƙas. Ya kara a buhun gyaɗar wani: ƙas, ƙas-ƙas. Ya kara a hular Bilya, haka. Saleh ya ce ko'ina a duniya haka yake yi, ƙasa da duwatsu dama da ɗan abin a jikinsu tun da Allah ya yi su, ba ya cutar da kowa. Sai Baturen ya yi murmushi ya kara abin a agogon hannunsa, irin mai haske da duhu. Akwatin ya ɓarke, ƙarrrr, kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano.

Meram ta ja da baya. "La ilaha illallahu! To ai shi ya kamata a buga wa jan turken a ka. Faɗa masa."

"Haba Kaka."

"Faɗa masa na ce!"

Saleh ya faɗa, Baturen ya yi dariya har da buga cinya. Ita ba ta yi ba.

"Dariya ba ta kashe wuta. Tambaye shi, geron nan nawa lafiya yake ko ba lafiya ba? Kalma ɗaya nake so."

Amma mutanen nan ba su iya kalma ɗaya ba. Ya ce akwatin bai ji komai a gonarta da ya wuce na ko'ina ba, shi a ganinsa lafiya lau ne, sai dai ƙwaƙƙwarar amsa tana wurin masu babban awo, can inda jirgi zai kai jakunkunan, kuma sai an yi watanni. Ta ce ya zo ya faɗi haka a ƙauye da bakinsa, da akwatinsa, ya kara shi a rawanin Bulama kowa ya ji. Ya ce ba hali, jirginsa na tashi da yamma, ana jiransa a Kano. Ya zaro alƙalami zai rubuta mata takarda. Ta ce ya mai da abinsa, ba mai karanta boko a garinsu, kuma takardar Bature a hannun Bulama sai ta ƙara masa gudawa.

"A wurinmu," ta ce da Saleh, "in an zargi abinci, wanda ya ce mai kyau ne shi ke fara sa hannu. Magana kowa na da ita."

Ta kwance ƙullin gumbar ta miƙa. Baturen ya tambaya na gonar ne, aka ce na gonar ne. Ya gutsura ya jefa a baki, ya tauna, ya ƙara gutsura. Ya ci kam, wannan ba za a ɗauke masa ba. Amma a gaban wa ya ci? A gaban tafinta da buhunan gyaɗa. Ya nuna Bilya da yatsa ya ba shi umarni ya je ƙauyen ranar Juma'a ya yi bayani, ya kuma ci abin da aka ba shi.

"To, ranka ya daɗe," in ji Bilya. Meram ta miƙa masa ragowar gumbar, ya ce ya ƙoshi. Ta kuma lura da ya gama sauke jakunkunan ya je famfon tasha ya daɗe yana cuɗa hannunsa da sabulu. Ta gani, ta ajiye a ranta, ta ce wataƙila tsabtar 'yan boko ce.

Ranar Juma'a tun hantsi ta surfa geron gonar, ta ɓarza, ta turara burabusko. Ta kaɗa miyar kuka da bandar tarwaɗa, ta zuba man shanun da take ɓoyo don Sallah. Da aka sauko daga masallaci aka taru a gindin tsamiyar ƙofar Bulama, maza a gaba, mata daga bayan danga. Ta jawo Baba Kyari da sandarsa ta zaunar. Bilya ya iso a kan keke, ya zo kuwa, har da farar riga.

Bakinsa ya yi aiki ranar. Ya ce ba a tayar da bam ba. Ya ce turke alama ce kawai, ba ruwansa da duba-gari. Ya ba da labarin hularsa da agogon Bature, mutane suka yi dariya, har liman ya murmusa.

Baba Kyari ya ce, "Ni fa tun tumu nake cin geron nan. Ku dube ni, me ya same ni?"

Wani daga baya ya ce, "Ga shi kuwa ba ka gani!"

"Ɗan banza, na makance tun uwarka na tallan dakuwa. Faransawan ne suka biyo ni cikin kwalekwale?"

Aka sake dariya. Meram ta kawo akushi ta dire a gaban Bilya, ta buɗe faifai, tururi ya tashi. Ta zuba masa ruwa ya wanke hannu. Ya yi bisimilla, ya yanko loma, ya dangwala miya.

Bulama ya ce, "Malam, kafin ka ci. Tsakaninka da Allah, Baturen ya ce an gama awon?"

Loma na hannu, miya na bin yatsunsa. "Ya ce... a ganinsa lafiya ne."

"An gama, ko ba a gama ba?"

"Ƙwaƙƙwarar amsa sai nan gaba."

"Shi Baturen ya ci a gabanka," in ji Meram. "Faɗa musu ya ci! Ci mana, ɗan nan. Loma ɗaya ce."

Bilya ya dubi lomar. Allah kaɗai ya san abin da ya karanta a jaridunsu da ya tsaya masa a wuya. Hannun ya taso har kusa da gemu, ya tsaya, ya koma. Ya ajiye lomar a gefen akushi, ya goge yatsunsa a rairayi.

"Wallahi cikina ne ba daɗi tun jiya."

Meram ta fizgo akushin ta kama ci da hannu biyu, tana tura wa Baba Kyari, tana cewa ku gani, ku gani. Wa zai gani? Mai abu ai dole ya ci abinsa. Mutumin gwamnati, mai albashi, wanda ya san abin da ke cikin akwatin, an sa masa a gaba ya mayar. Abin da idonsu ya ɗauka ke nan. Maza suka fara miƙewa suna kaɗe riguna. Bilya ya ja kekensa ya ce yana da aiki a Gashuwa.

Bayan la'asar suka yi. Bulama ya sa aka share kewayen dammunan fes don kada wutar ta tsallaka, aka jera tuluna da ruwa, an yi abin cikin natsuwa kamar ana jana'iza. Mata huɗu suka riƙe Meram, Fanne na cikinsu tana kuka tana cewa ki yafe mana. Gero busasshe ba ya gardama da wuta. Ƙamshinsa ya rufe ƙauyen kamar ana gasa tumun duniya gaba ɗaya, har Baba Kyari daga gida ya ɗaga hanci ya ce, "Sun yi ke nan."

Bulama ya zo daga baya, idonsa jawur, ya ce kowane gida zai kawo mata abin da ya sawwaƙa. Ta ce ya riƙe sadakarsa, ita ba ta taɓa cin noman wani ba, kuma irin da uwarta ta bar mata babu shi a rumbun kowa.

Gari na wayewa ta je gonar ta cika akushin da toka, da ɗuminta. Ta ɗora a ka, ta kama sandar Baba Kyari ta gaba shi ya riƙe ta baya, suka miƙi hanyar Gashuwa. Ba ta tsaya gaida kowa ba. A ƙofar alƙali ana cikin wata shari'ar jaki, ɗan doka ya tare ta ya ce ta jira a kira ta. Ta bi ta ƙarƙashin hannunsa, ta durƙusa, ta juye tokar a kan tabarma gaban alƙali da malamansa.

"Allah ya gafarta malam, ga noman shekarata. Bature ya ce shi awo ya zo yi. Bulama ya ce shi gari yake tsarewa. Bilya ya ce cikinsa ke ciwo. Bam ɗin ma an ce yana can ba a taɓa shi ba. Kowa da hanzarinsa, ni ce da toka. A kira mini su, ɗaya bayan ɗaya, har na cikin jirgin a aika a sauko da shi. Ba zan tashi daga tabarmar nan ba, ni da makahon nan, sai wani ya tsaya a gabana ya ce shi ne, ya kuma faɗa mini abin da za mu ci."